Sunan Saliha a Kan Tallafin Karatu

Labarin ya same ni ne a jarida, shafi na goma sha ɗaya, ƙarƙashin tallar maganin basir. Har yau ina sayen jarida duk Juma'a a Kura, ko da yake mai sayarwar ya ce ni da wani tsohon alƙali kaɗai muka rage masa. Sauran masu tsire ne, su kuma sai ta kwana biyu suke saye.

Tsangayar koyon shari'a ta wata jami'a, wadda ba zan kama sunanta ba don ba ta yi mini laifin komai ba, za ta karrama tsoffin ɗalibanta huɗu. Na uku a jerin shi ne Barista Hashimu Yusuf Hambali, "gogan dokar kamfanoni, wanda ya fito da matan karkara daga hayaƙin murhu zuwa kasuwar zamani." Ga hotonsa nan da hular gashin lauyoyi, irin wadda ko tunkiya ce za ta roƙi a aske mata ita a zafin bazara. A ƙarshen labarin aka ce ranar bikin zai ƙaddamar da tallafin karatu ga ɗalibai mata masu son ƙwarewa a dokar kamfanoni, kuma tallafin zai ɗauki sunan gwaggonsa da ta raine shi, marigayiya Saliha Hambali.

Saliha matata ce. Shekara talatin da huɗu muka yi tare, yau shekara uku da rasuwarta. Babu wanda ya tambaye ni.

Sunana Haladu. Na koyar da Turanci da tarihi a makarantun sakandare tsakanin Kura da Bunkure har gwamnati ta gaji da ni ta sallame ni, na koma kan 'yar gonata ta noman rani a can wutsiyar kanal. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da Yusuf, wan Saliha, ya rasu, aka kawo mana ɗansa Hashimu yana da shekara shida, da ƙuraje a kai da riga ɗaya. Ita ta yi masa wanka, ni na koya masa karatu. Cikinmu biyu ni na fi yin ɓarna.

Saliha ce ta haɗa matan unguwarmu arba'in da uku suka kafa rumfa a bakin kanal. Su sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoma, su jiƙa, su turara a rabin duro da wutar buntu, su shanya, su kai injin casa. Shinkafarsu ta yi suna har daga Kumbotso ake zuwa sari. Idan magana ta taso sai su shimfiɗa tabarma bayan la'asar su yi ta cacar baki har kowa ta gaji, maganar da aka gaji a kanta ita ce hukunci. Shekara goma sha bakwai suna haka, ba su taɓa neman lauya ba.

Sai muka yi namu lauyan.

Shekara takwas da suka wuce ya zo da takardu, shafi ashirin da shida. Ya ce za a yi wa ƙungiyar rajista ta zama kamfani, masu zuba jari su shigo da injin zamani, Inna ta huta da hayaƙi. Inna yake kiranta. Yana zaune a tsakar gida yana cin dambun da ta yi masa, ta miƙo mini takardun ta ce, "Malam, duba mana."

A wajenmu, idan ɗanka ya kawo maka fura ba ka shinshina ta a gabansa. Ka zauna ka bi takardarsa layi-layi yana kallonka, daidai yake da ka kira shi ɓarawo. Ga shi kuma yaron da ni na riƙe hannunsa ya rubuta baƙin farko. Na buɗe shafin farko na ga tambari. Na buɗe na ƙarshe na ga wurin sa hannu. Na gyara zaman tabarau don a ga na yi aiki, na ce, "Madalla."

Washegari mata arba'in da uku suka dangwala yatsa, tunda Malam ya duba.

Abin da ke shafi na goma sha huɗu, wanda sai bayan shekara biyu na karanta, shi ne masu zuba jari ke da rinjayen ƙuri'a. Aka sa wa kamfanin suna Farar Tsaba. Taro ya bar tabarma ya koma wani ofis a birni, da Turanci, ƙarfe tara na safe. A can aka kaɗa ƙuri'a aka rufe rumfa, aikin ya koma babban injin da suka gina a kan hanyar Zariya. Matan da ke iya hawa adaidaita sahu kullum suka koma can suna ɗinke bakin buhu. Saliha kuwa aka aiko mata da wasiƙar godiya da muƙamin "uwar kamfani", muƙamin da ba shi da kujera, ba shi da ƙuri'a. Ba zan ce takarda ce ta kashe ta ba. Ƙoda ce. Amma na ga yadda ta daina bi ta bakin kanal, ko da kuwa nan ce hanya mafi kusa.

Ranar sadakar bakwai Hashimu ya aiko da buhu goma masu tambarin kamfanin. Na sa aka mayar. Tun daga ranar ban ƙara ganinsa ba sai a jaridar nan.

Bayan fitowar labarin sai ga shi ya zo ranar Asabar da hantsi, ranar da layin ruwa ke kaina. Mu 'yan wutsiya sai na sama sun sha sun ƙoshi ake sakar mana, idan kuwa ka yi wasa da awanninka uku, sai wani makon. Ina cikin gona da fartanya ina fasa wa ruwa hanya na hango baƙar mota ta tsaya inda hanya ta ƙare. Ya ƙaraso da ƙafa, yana tsallake taɓo da takalmin da ba don ƙasa aka yi shi ba.

"Salamu alaikum, Baba Malam. Barka da aiki."

"Wa alaikumus salam, Barista. Ɓatan hanya aka yi?"

Ya durƙusa rabin durƙuso, irin na mai tausayin wandonsa. Ya tambayi gida, na ce gida ɗaki biyu ne da akuya ɗaya, duk muna lafiya.

"Na so in zo tun kafin labarin ya fita," in ji shi.

"Ai jarida ta hutar da kai. Ta gaishe ni a madadinka."

Ya ciro takarda daga jakar fata. Ya ce tsangayar ba ta sa sunan mamaci a kan tallafi sai wani daga iyalinsa ya sa hannu. Shafi uku ne kacal, ga biro, ga wurin.

Na wanke hannu a ruwan kanal, na goge a riga, na ciro tabarau. Na zauna a kan kunya na fara daga tambari.

"Baba, ba wani abu ba ne fa. Ƙa'ida ce kawai."

"To bari in ga ƙa'idar."

Na karanta da ƙarfi, in faɗi Turancin sannan in juya shi Hausa, layi bayan layi, kamar ina gaban 'yan aji uku. Dattijo, maƙwabcin gonata, ya dogara da fartanyarsa yana saurare. Wasu biyu ma suka matso daga can. Hashimu yana tsaye a rana, gumi ya fara ratsa bayan shaddarsa. Ya san abin da nake yi masa, kowa a wurin ya sani. Ruwa ya cika fangalin farko ya fara tsallake kunya, na ƙyale shi.

A shafi na biyu na tarar da tarihin marigayiya, layi biyar. Na ƙarshen ya ce, "Ta jagoranci mayar da ƙungiyar matan ƙauyensu kamfanin zamani, ta kuma yi ritaya cikin alfahari da abin da ta gina."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ofishina."

"Ritaya. Dattijo, ka ji? Ashe ritaya Saliha ta yi. Mu muna nan muna zaton korarta aka yi."

Dattijo ya ce shi dai ruwa ya zo jira.

"Ana iya gyara layin," in ji Hashimu.

"To gyara. Rubuta cewa ta raini maraya, marayan ya yi karatu, ya dawo ya karɓe mata rumfa da shafi na goma sha huɗu. Sai in sa hannu har sau biyu."

Da ya sake buɗe baki, muryar ba ta ɗan gida ba ce, ta kotu ce.

"Baba, tunda a gaban mutane kake so, a yi a gaban mutane. Rumfar nan ko ban zo ba da ba ta kai yau ba. Manyan injuna nawa aka gina tsakanin nan da Garun Mallam? Wa zai ci gaba da sayen shinkafar rabin duro mai tsakuwa? Farar Tsaba tana ciyar da gida fiye da ɗari biyu. Idon Inna saura kaɗan hayaƙi ya cinye shi, kana ɗaki kana karatu. Kuma ban ɓoye wa kowa komai ba. A hannunka aka sa takardar. Kai ka ce madalla."

"Na ce."

"To?"

"To ban karanta ba. Kunyarka na ji."

Shekara takwas ina riƙe da wannan magana, sai ga ta ta fita a gaban Dattijo, mutumin da ko kaza ce ta yi ƙwai a gidansa sai kasuwar Kura ta ji. Hashimu ya dube ni irin duban da nake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi.

"Wannan kuma ba laifin lauya ba ne."

"A'a. Laifin wanda ya koya wa lauya karatu ne. Ungo takardarka."

Ya karɓa ya ninke. "Don girmamawa na zo. Ni ma jinin Hambali ne, sa hannuna ya wadatar."

"To me ya kawo ka cikin taɓo?"

Ya juya ya kama hanya, ya zame sau ɗaya amma bai faɗi ba, abin da ya ƙara mini haushi. Ruwan da na ƙyale ya fasa kunya ya malale gonar Dattijo. Rabin tawa ba ta sha ba a wannan makon.

Ranar Litinin na rubuta wa shugaban tsangayar wasiƙa. Shafi huɗu, da hannu, da Turancin da tun da na bar aji ban samu inda zan zube shi ba. Na ce ni ne mijin marigayiya, kuma ban yarda ba. Na ce a ɗauki sunan mace a liƙa a kan ilimin da aka rufe mata baki da shi, kamar a yanka saniya ne a rubuta sunanta a jikin wuƙar. Na ji daɗin wannan jimlar har na ja mata layi. Na hau mota na kai da kaina, wata sakatariya mai suna Binta ta karɓa ta buga mata hatimi.

Bayan kwana goma sha biyu amsa ta zo, layi uku. Kwamiti ya zauna, tsangaya ba ta amfani da sunan da iyali ke saɓani a kansa, an gode. Juma'ar da ta biyo baya jarida ta ce tallafin yana nan, ɗalibai mata biyar duk shekara, sai dai sunansa yanzu Tallafin Karatu na Farar Tsaba.

Na yi nasara. Na dafa shayi na sha ni kaɗai.

Luba ta zo ranar Lahadi bayan azahar. Ita ce aminiyar Saliha tun suna amare, ita ce ta biyu a dangwala yatsa, yanzu kuma tana ɗinke buhu a kan hanyar Zariya da ciwon gwiwa. A zaure ta tsaya. Na miƙa mata tabarma ta ƙi.

"Malam, an ce ka yi rubutu."

"Na yi."

"An ce har shafi huɗu. Sannu da ƙoƙari. A cikin shafi huɗun nan akwai inda ka ce ka tambaye mu?"

"Matata ce, Luba."

"A gida matarka ce. A rumfa tamu ce. Mu muka rasa rumfa. Kai littafi nawa ka rasa?"

Na ce mutuncinta nake karewa.

"Mu goma sha tara muka rage," in ji ta, kamar ban yi magana ba. "Da muka ji labarin sai muka shimfiɗa tabarma a gidana, kamar da. Muka ce za mu cika mota mu je bikin nan. Ba don shi ba, tsakaninmu da takardarsa sai Allah ya isa. Don mu ji an kira Saliha a lasifika a gaban manyan alƙalai, baɗi ma a sake kira. Jikata Nafisat tana aji uku a can, karatun lauya take yi. Ta ce za ta nema. Da ta samu, da sunan Saliha za a rubuta a takardarta. Yanzu sunan buhu za a rubuta mata."

"Ban san da wannan ba."

"Ina za ka sani? Ba a jarida aka buga ba."

Na ce ko ma mene ne, ni na san Saliha ba za ta so sunanta a hannun yaron nan ba.

Luba ta yi dariya, ba ta daɗi ba. "Har ta kwanta ciwo, duk kaka sai ta turara shinkafa da hannunta a bayan gidana, tiya biyar, ta ba ni in aika masa. Ta ce ta kamfani ba ta yi masa daɗi. A ɓoye, don kada ka gani ka buɗe aji."

"Ba gaskiya ba ne."

"Ni zan yi wa wadda ke kabari ƙarya? To bari in ƙara maka. Ranar takardar nan tana kallonka. Da safe kafin mu dangwala ta ce mini, Luba, Malam ko shafi biyu bai karanta ba. Na ce to mu fasa mana. Ta ce in ta fasa ta tona asirin mutum biyu a rana ɗaya, mijinta da ɗanta. Ta miƙa yatsa, mu ma muka miƙa. Ta rufa maka asiri da rumfarmu, Malam. Kai kuma ka saka mata da shafi huɗu."

Ta gyara mayafi ta fita. Ba ta yi mini sallama ba.

Na daɗe a zauren.

Washegari na sake hawa mota. A ƙofar tsangayar an rataya babban kyalle mai hotunan mutum huɗu, nasa ne na uku, ƙarƙashinsa ga tambarin buhu. 'Yan mata da baƙaƙen siket da fararen hijabai suna tsaye a gaban allon sanarwa suna kwafe sharuɗɗan nema. Na ratsa su na shiga ofis.

Binta ta gane ni. "Baba mai wasiƙa. Sannu da zuwa. Shugaba ya ce rabon da ya ga Turanci irin naka tun yana firamare."

"Na zo in janye ta."

Ta ajiye biro. Ta ce ai bakin alƙalami ya bushe. An sa hannu a yarjejeniya da kamfanin ranar Alhamis, ta shekara biyar, an buga takardun gayyata, an sassaƙa allo. Sai yarjejeniyar ta ƙare kwamiti zai iya duba maganar suna.

"Shekara biyar."

"Biyar, Baba."

Ina da saba'in da ɗaya, ga hawan jini. Na fita baranda na kira lambar Hashimu, wadda rabona da ita tun kafin rasuwar. Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka.

"Baba Malam."

"Ina tsangayarku. Na zo janye wasiƙar, sun ce an makara. Kai suna jin maganarka."

"Na roƙe su sau biyu kafin su yanke. Na ce tsoho ne, baƙin ciki ne ke damunsa. Suka nuna mini inda ka ja layi."

"To ka sake roƙo."

"Yarjejeniya ce, Baba. Ni na rubuta ta, kuma ba na rubuta wadda ake fita daga cikinta. Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Za ka zo bikin?"

"Luba ta fasa, ni kuwa ba ni da takalmin da ya dace."

Ya ce Allah ya ƙara lafiya, na ce amin, muka kashe. Ban san wanda ya riga wani ba.

Na koma ciki na ce wa Binta ta ba ni wasiƙata. Ta ce ta shiga fayil, abin da ya shiga fayil kuwa ba ya fita, sai dai ta yi mini kwafi. Na ce ta bar kwafin, na san abin da ke ciki. Na tambaye ta ko kwamitin zai karɓi wasiƙar janyewa ya ajiye har shekara biyar ɗin, ko da mai ita ba ya nan a lokacin.

Ta dube ni ta cikin tabarau. Ta ce ba ta taɓa ganin an yi ba, amma ba ta san dokar da ta hana ba. Ta miƙo mini farar takarda da biro.

Layi biyu na rubuta, da Hausa. Ta karanta, ta buga hatimi, ta sa a fayil a bayan mai shafi huɗun.